Fitowa ta Ɗaya

Akwatin ƙarfen Hamma Gidado
shekara tara yana ƙarƙashin gado a Herwagana.
Ran da ruwan Agusta ya kwantar da katangarmu ta gabas
na jawo shi, na fasa kwaɗon da dutse.
Littattafan zane sittin da uku,
da warin kafur da ya daɗe da narkewa.

Nafi'u ya zo daga Jekadafari bayan la'asar.
Yaro ne, sa'an ɗana na biyu,
da farar safar hannu kamar mai shiga tiyata,
da wani kundi mai kauri, duk lambobi,
wai a ciki aka yanke wa kowanne daraja.
Ya baje su a tabarma yana ɗagawa ɗaya-ɗaya
kamar dillali a kara yana duba haƙoran sa.

"Wannan mai ya taɓa bangonsa. Rabi ya tafi."
Na ce man ƙosan Goggo Dudu ne, ta bakin famfo,
na kwabo goma muke rabawa mu uku.
Bai rubuta ba.
Kundin bai bar wa Goggo Dudu gurbi ba.

Wannan fil ɗinsa ya yi tsatsa.
Wannan gara ta ɗanɗana gefensa ta fasa.
Wannan an lanƙwashe masa kunne a shafi na sha ɗaya.
Aikina ne:
kananzir ya ƙare, jarumin na reto a bakin gada,
na kwana ban san ko ya faɗa ba.
Wannan kuwa ba bango sam.
"Baba, sai dai a ƙunsa gyaɗa."

Can ƙasa, cikin leda biyu, ga fitowa ta ɗaya.
Yaron ya yi shiru. Na ga hannunsa na rawa.
Ita ce wadda Hamma ya hana kowa,
wadda na sha ranƙwashi a kanta
don kawai na shinshina ledar.
"Launi bai koɗe ba. Gadon bayanta bai karye ba."
Ya bi layi da yatsa, ya faɗi kuɗi:
bulo ɗari biyar, da siminti,
da ladan magini, har da canji.

Na ce, dakata.
Shekara arba'in na san mutumin nan mai jar hula,
na san dokinsa, na san maƙiyansa,
ban san daga inda ya fito ba.
Bari in gani kafin ta bar gidan nan.
Ya ara mini safar, ransa bai so ba.
"A hankali, Baba. Kar ka buɗe ta duka."

Shafi na uku, daga sama, da shuɗin biro,
rubutun nan mai jingina kamar zai faɗi:
"Bappayo ɓarawo, na san za ka buɗe.
Je ka wanke hannu tukuna."

Nafi'u ya koma kundi, ya juya, ya sake juyawa.
Rubutun biro a ciki, in ji shi,
yana cin kashi biyu cikin uku.
Ya faɗa da muryar mai gaisuwar rasuwa.
Ni ko dariya ta kama ni
har ta gangara inda ban aike ta ba,
na goge ido da safar mutane.

Ya tafi da arba'in da ɗaya a kwali.
Kuɗin ya kai katanga iya ƙugu,
sauran muka rufe da zana.
Maƙwabta na ganin kanmu in mun tsaya.

Da dare na wanke hannu da sabulu, har sau biyu,
na zauna ƙarƙashin ƙwan lantarki na buɗe ta duka.
Ashe jarumin ma ƙanin wani ne.
Jar hular ta wansa ce,
ya ɗauka ba da izini ba.